Golan Gidan Kaji

Har yau idan aka yanka kaza a gidana, kai da ƙafafu nake cewa a ajiye mini. 'Ya'yana su yi ta dariya, uwarsu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutum ya sayi kaza ya bar wa wasu tsoka yana gwigwiyar ƙafa ba. Harshe yana riƙe abin da ya saba da shi tun yarinta, ni kuwa da kai da ƙafa da ƙundu na tashi, domin su ne ladan aikinmu a gidan kaji, ni da yayana.

Mu mutanen Nahuce ne, ta ƙasar Bungudu. A shekarun farin nan gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, 'yan dabbobinmu suka ƙare, Baba kuma ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da Inna ta fita takaba sai ta ɗaure komatsanmu muka taho Gusau, muka sauka a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwanta. Yayana a lokacin ya kai ajin ƙarshe na firamare a Bungudu, saura kaɗan a yi jarrabawar fita, amma bai zauna ta ba. Ni aka ci gaba da turawa makaranta, shi ya fita neman abin da za mu ci.

A bayan gari akwai wani kamfanin kaji na wani Alhaji da abokan kasuwancinsa na Kaduna. Dogayen rumfuna ne na kwano, cike da fararen kajin nan na Turawa waɗanda ba su san tono ba, ba su san shaho ba. Daga nan ake kai ƙwai da figaggun kaji otal-otal da bariki da wata kwalejin horon malamai da ke can gaba. Manya ke yanka, amma figa aikin yara ne, wai yatsunmu sun fi shiga ƙarƙashin fiffike. Gaskiyar magana ita ce yaro ba ya gardama kuma ba ya tambayar albashi. Muna da yawa, maza da mata, wasu ko majina ba su iya sharewa ba. Ni sai an tashi daga makaranta nake zuwa, in cire rigata in rataye a reshen dogonyaro in shiga layi.

Rabin ganga ce a kan murhu, ruwa yana tururi. A tsoma kaza a jujjuya a jefo mana, mu bi ta da yatsu tun da zafinta. Ruwan yana da ƙa'ida. In bai yi zafi ba gashi ya ƙi fita, in ya wuce kima fatar kaza ta saluɓe, helma ya wanke ka tas. Helma shi ne shugaban ma'aikata, wani gajere mai tsumagiya a hammata, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in Alhaji ya zo. Kafin la'asar yatsunmu sun yi fari sun yamushe kamar na mai wankau. Ba dama ka sosa ido da su, sai dai ka goge da wuyan hannu, har abin ya zame mana ɗabi'a ko muna gida. Ga kuma warin jiƙaƙƙen gashin kaza da sabulu ba ya fitarwa, wanda ya sa babu mai son zama kusa da ni a aji. Da yamma a zuba wa kowa kasonsa na kawuna da ƙafafu da kayan ciki a ganye. Inna ta yi mana miya da wasu, ta soya sauran ta sayar a ƙofar gida.

Yayana aiki biyu gare shi, kamu da tsomi. Kamun ne abin kallo. In aka buɗe rumfa kajin nan suka gane abin da ake ciki, sai su tashi fir-fir suna karo da kwano. Sauran masu kamu bin kaza suke yi a guje har su kife. Shi tsayawa yake yi a bakin ƙofa, ya ɗan rusuna, ya ware hannuwa, ya jira. Wadda ta zo ta sama ya cafke ta a iska, wadda ta bi ta ƙasa ya zube gefe guda ya tare ta, kuma bai taɓa karya wa kaza fiffike ba. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi.

Ya ce, “Bar duban hiffike, dubi ƙirji. Inda ƙirji yad dosa, can za ta.”

In an tashi aiki da sauran rana mukan buga ƙwallo a bayan rumfuna. Ƙwallon tsohuwar safa ce da muke cusa wa busasshen gashin kaza da tsumma mu ɗaure da zare. Yayana ke tsayawa tsakanin duwatsu biyu, mu taru a kansa mu yi ta bugu har magariba ba mu ci shi ba, yana yi mana dariya yana cewa ko kaza mai ƙwai ta fi mu dabara. Ya rasu da daɗewa, kabarinsa yana Nahuce kusa da na Baba. Amma in na tashi tuna shi, a tsakanin duwatsun nan nake ganinsa, kuma kewarsa ba ta taɓa raguwa ba.

Kwalejin da na ambata tana da ƙungiyar ƙwallo, Alhaji ne kuma ubanta. Shi ya sayo musu riguna ruwan ɗorawa masu hoton jan zakara a ƙirji, irin wanda ke jikin motocin kamfani, ya sayo takalma masu ƙusoshi da ƙwallaye na fata. Gasar makarantun yankin ma shi ya ɗauki nauyinta, har kofin shi ya sayo daga Kaduna. Kwaleji kuma ƙwanta da namanta duk a wurinsa take saye, abu ne na ba ni in ba ka. Mu da ke fige 'yan'uwan zakaran nan kullum, ko ƙofar filin ba a barinmu mu shiga, sai dai mu hau bishiya mu leƙa.

Ana tsakiyar gasa a wata shekara sai golan kwaleji ya faɗo daga keke ya karya hannu. Wanda aka sa a madadinsa kuwa, Allah Ya ba shi lafiya, ko tulu aka gangaro masa sai ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ran nan malamin wasanni ya rako masu ɗaukar ƙwai, yana tsaye yana toshe hanci da hankici, sai wata kaza ta kufce daga hannun mai yanka ta tashi ta nufi katanga. Yayana ya yi tsalle ya ɗauke ta da hannu ɗaya, ya dira ya miƙa wa mai yanka, ya juya zai koma bakin ganga.

Malamin ya sauke hankici ya ce, “Kai, samari, ka taɓa kama ƙwallo?”

Yayana ya ce, “Ta safa dai, Malam.”

Washegari aka kai shi fili, manyan ɗalibai suka yi ta narka masa ƙwallo har suka gaji. Malam ya yanke shawarar sa shi a matsayin sojan haya, wato wanda ba ɗalibi ba a saka shi cikin 'yan wasan makaranta. A wancan zamani kowa yana yi, kowa kuma yana rantsuwa ba ya yi. Amma sai da izinin mai kamfani, don haka Alhaji ya zo da kansa. Ya tsaya nesa da kwatar ruwan figa yana tattare babbar riga, aka kira yayana ya durƙusa. Muna nan duka, kaji a hannunmu, muna sauraro. Malam ya ce yaron ya kusa gama firamare, da za a samu ya shiga kwalejin da an huta da ɓoye-ɓoye.

Alhaji ya ce, “Wanga yaro ai namu na. Shi kawo muna kofin nan, a bar ni da zancen karatunai.”

Ni na kai wa Inna labarin a guje, ko kasona ban tsaya karɓa ba. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

Ta ce, “Mi yac ce? Sake hwaɗa mani.”

Na sake faɗa.

“Gaban mutane?”

Na ce gaban kowa, har helma.

Ta ce, “To ai shi ke nan. Mutum awa Alhaji ya yi magana gaban jama'a, mi yar rage?”

A Nahuce in dattijo ya ce a bar shi da magana, to ya ɗauke ta ke nan, sai dai mutuwa ta raba. Da wannan ma'auni Inna ta auna Alhaji. Tana da akuya guda da ta tsira daga fari, tana kiwo wurin ƙanwarta a gida. Ta tafi ta sayar da ita ranar kasuwa, ta dawo da akwatin ƙarfe shuɗi mai kwaɗo. Ta tambayi wata maƙwabciya mai ɗa a makarantar kwana abin da ake tafiya da shi, ta sayi bokiti da kwano da zanen gado, ta ja yayana wurin tela aka auna shi aka ɗinka fararen riguna da wanduna.

Yayana ya ce, “Inna, ki bari a kira ni tukuna.”

Ta ce, “Ba ni son ranar da anka kira ka ka tahi hannu rabbana, 'yan birni su yi ma dariya.”

Yana cewa a bari, amma ni na san abin da ke ransa. Ya fara karɓar littafin lissafina yana dubawa kafin ruwan ganga ya yi zafi, yana riƙe shi da gefen yatsu don kada ya jiƙe. Da safe ya yi kamu da tsomi, da la'asar ya tafi fili. Wasa bayan wasa kwaleji tana ci, babu mai zura masa ƙwallo. Mu kuma muna kan bishiya muna ihu, ni ina gaya wa duk wanda ke kusa da ni cewa wancan mai baƙar riga yayana ne, sai wani babba ya make ni ya ce in rufe baki kafin in tona asiri.

Wasan ƙarshe aka kai shi Tsafe, don kada a ce wani ya buga a gidansa. Ranar Asabar ce. Alhaji ya tabbata zakaransa zai yi cara, saboda haka tun ba a buga ba ya gayyaci manyan gari walima a filin kwaleji da magariba. Walima kuwa sai da kaji, kaji kuma sai an fige. Tun da sassafe aka tara mu, aka jibge yankakku har sun fi ni tsayi. Yayana ya je ya rusuna wa helma ya ce yau fa hannunsa yana da aiki a Tsafe.

Helma ya ce, “Ni ba a ce mani komi ba kan ƙwallo, kaji anka ce mani. Babu mai tashi sai an ƙare.”

Don a yi sauri ya sa aka tura itace, ruwa ya yi ta tafarfasa, babu lokacin sirkawa. A irin wannan ruwa sai ka tsoma ka fitar nan take, kuma da hannu ake danna kazar, domin sanda tana ɓata fata. Mu yara muka ce za mu karɓe shi. Babu wanda tsayinsa ya kai bakin gangar sosai, amma ni na jawo dutse na taka na miƙa hannu. Ya ture ni da gwiwar hannu har na kusa faɗuwa.

Ya ce, “Matsa can. Hannunka na rubutu na.”

Ya yi ta tsomawa. Kafin azahar aka gama, ya juya tafukansa ya duba. Yatsun duk sun yi bororo, bayan hannun ya yi ja wur. Motar kwaleji ta riga ta tafi da ɗalibai, sai direban kamfani ya ɗauke mu a bayan a-kori-kura, cikin kejin kaji da babu kowa a ciki. Na biya gida na karɓo man kaɗe, ban gaya wa Inna na mene ne ba. A hanya nake shafa masa ina naɗewa da tsumma, mota tana jijjiga mu. Dama Malam ya gaya wa yayana in an tambaye shi ya ce shi ɗan aji uku ne, saboda haka na yi ta gwada shi.

“Kai yaro, ajinka nawa?”

“Aji ukku.”

“Ɗaga murya.”

“Aji ukku, Malam!”

Muna wuce duwatsun Kwatarkwashi yana maimaitawa a hankali shi kaɗai, yana murmushi, ya manta da hannun.

Filin Tsafe ya cika maƙil. Aka ba shi baƙar rigarsa mai jan zakara. Da zai shiga ya warware tsumman ya miƙo mini, ya ce yana sa ƙwallo santsi. A wancan lokaci babu safar hannu, fata da fata ake haɗuwa. Ba a daɗe da farawa ba wani daga cikin magoya bayan ɗaya makarantar ya gane shi, ya ɗaga murya ya ce ai wannan mai kaji ne. Shi ke nan, duk lokacin da ƙwallo ta nufo shi sai su ɗauki cara irin ta zakara, fili ya kwashe da dariya. Ni raina ya ɓaci har na ɗauki dutse, direba ya riƙe mini hannu. Yayana ko waiwayawa bai yi ba.

Kwaleji ta ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo kuwa sai wasan ya koma gidan yayana gaba ɗaya. Ta sama, ta ƙasa, ta kusurwa, yana tarewa. Ni kaɗai na lura cewa duk in ya jefar da ƙwallo sai ya soke hannuwansa a hammata ya ɗan duƙa. Ana dab da tashi wani mai tsaron bayan kwaleji ya kwashe ƙafar ɗan wasan ɗaya makarantar, alƙali ya busa fanareti. Fili ya yi tsit, har masu cara suka yi shiru. Yayana ya tsaya a kan layi, ya ɗan rusuna, ya ware hannuwa, daidai yadda yake yi a ƙofar rumfa. Na san ba ƙafar mai bugun yake kallo ba. Aka buga, ya zube hagu, ya tashi da ƙwallo a ƙirjinsa. Da ya jefa ta na ga jiƙa a jikin fatar, bororon duk sun fashe. Na yi ta ihu “Yayana na! Yayana na!” har muryata ta dushe, wannan karon babu wanda ya make ni.

Ana busa tashi na ga wani malami na ɗaya makarantar ya nufi teburin manya da sauri yana nuna yayana. Malamin wasanni ma ya gani. Ya ratso cikin ɗaliban da ke ƙoƙarin ɗaga yayana sama, ya ja shi bayan mota.

Ya ce, “Cire rigar, cire da sauri. Ka yi haƙuri, in suka tabbatar za a ƙwace kofin.”

Yatsun ba su iya kama bakin riga. Ni na cire masa, ya sunkuyo na ja ta kansa, tana jiƙe sharkaf. Aka miƙa wa golan nan da ya karye, wanda ya zo kallo da hannunsa da bai gama warkewa ba. Ya saka ta a kunyace, bai iya duban mu ba, aka tura shi cikin layin 'yan wasa. Direba ya danna oda, ya ce mu hau, akwai abincin walima da za a kwasa. Mota tana fita daga fili muka ji tafi ya tashi a bayanmu, an miƙa kofi ke nan. Yayana ya miƙe tsaye cikin kejin yana leƙe, amma kawunan mutane kawai ake gani.

A wurin walima ni da sauran yara muka yi ta jigilar faranti. Shi bai iya ɗaukar komai, ya zauna a jikin tayar mota. Kofin yana can kan teburin manya yana ƙyalli, tsakaninmu da shi akwai kujeru da 'yan doka. Da Alhaji ya taso zai shiga mota sai ya hango shi.

Ya ce, “Gola! Ka hid da mu kunya, Allah shi yi albarka.” Ya juya wurin helma. “A ba shi kaji biyu, cikakku.”

Yayana ya durƙusa ya ce, “Alhaji, zancen makaranta.”

Alhaji ya ce, “Ana nan, ana nan. Bari hannu shi warke.”

Washegari Inna ta dafa kajin. Ta ga hannun ta yi kuka, ta kuma yi faɗa, ta ce da ta san na wannan ne man kaɗen da ba ta bar shi ya tafi ba. Bai iya cin abinci da kansa, sai ita ta zauna tana yago tsoka tana ba shi a baki, ƙato da shi. Ranar na fara cin cinyar kaza a rayuwata, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Hannu ya warke, ya bar dabbare-dabbaren fari a yatsu. Aka ɗebi sababbin ɗalibai, ba a kira shi ba. Inna ta yafa mayafi ta tafi ƙofar gidan Alhaji, yau a ce yana Kaduna, gobe a ce yana hutawa. Ranar da ta same shi ya ce ai matsalar babu takardar gama firamare, amma a bari baɗi. Baɗi ta zo kwaleji ta samu sabon gola cikin ɗalibanta, Alhaji ya sayo musu sababbin riguna. Ba na jin ya ƙudurta cutar da mu. Ya yi maganar ne cikin jin daɗi, ta fita daga bakinsa ta fita daga ransa, mu kuwa muka sayar da akuya a kanta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san a kan wa zan sauke ba.

Yayana ya koma bakin ganga. Bai ƙara tsayawa tsakanin duwatsun nan biyu ba, in muka kira shi sai ya ce ya gaji. Littafin lissafina ma ya daina tambaya. Akwatin yana ƙarƙashin gado. Wani lokaci in ya fita sai Inna ta buɗe ta shanya fararen kayan a rana don kada su yi fumfuna, ta mayar kafin ya dawo.

Ni na gama firamare na ci jarrabawa, aka tura ni kwalejin nan dai, ba wata ba. Inna ta jawo akwatin. Na gwada kayan, rigar ta sauko mini har cinya, wandon yana jan ƙasa. Ta ɗauko almakashi. Yayana yana zaune a bakin ƙofa.

Ya ce, “Kar ki yanke, Inna. Kalmashe ki ɗinke, shina girma.”

Ranar tafiya shi ya ɗauki akwatin a ka, ni ina biye da bokiti. Da muka isa ƙofar kwaleji ya sauke shi a ƙasa. Mai gadi ya gane shi.

“A'a, Gola! Shigo mana, kai mai har ɗaki.”

Yayana ya ce yana da aiki, ruwa yana kan wuta. Ya gyara mini wuyan riga, ya dubi filin da ake hangowa ta cikin waya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “In ka samu dama, ka ɗaga mani kofin nan. Ina son in san ko shina da nauyi.”

Kofin yana cikin kabad mai gilashi a ofishin shugaban kwaleji, wurin da ɗan aji ɗaya ba ya zuwa sai in ya yi laifi. Na daɗe ina faƙo. Sai kusan ƙarshen zango aka sa ni cikin masu share ofis, aka ba ni tsumma aka ce in goge kayan cikin kabad. Na sa hannu biyu, na tattaro ƙarfina na ɗaga, saura kaɗan in buga shi da rufin kabad ɗin. Gwangwani ne aka shafa wa ruwan zinariya, har ya fara ɓarewa a wajen mariƙi. A cikinsa akwai yanar gizo-gizo. Na daɗe riƙe da shi, har wanda ke lura da mu ya ce ko barci nake yi.

Ranar da aka ba da hutu ban wuce gida ba, gidan kaji na bi da kayan makaranta a jikina. Komai yana nan yadda na bari, sai sababbin yara a layi, wani ma ya zauna a wurina. Yayana yana bakin ganga cikin tururi. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi abinci, sai da ya kewaya ko'ina kafin ya zo wurin.

“Ka ɗaga?”

Na ce na ɗaga.

“To?”

Na ce, “Ba shi da nauyi, Yaya. Kaza guda ta hi shi.”

Ya tsaya da kaza a hannu, ruwa yana ɗiga. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ya yi tun muna buga ƙwallon safa. Ya yi ta yi har yara suka daina figa suna kallonsa, hawaye suna zubo masa, yana gogewa da wuyan hannu. Ni ban yi dariyar ba. Na ajiye akwati na fara naɗe hannun riga zan shiga layi, ya girgiza kai ya nuna mini gindin dogonyaro da haɓa.

Ya ce, “Zamna can inuwa, kar ka ɓata hwararen kayanka.”

Na je na zauna a kan akwatin. Kayansa ne a jikina, kalmasar da Inna ta yi wa ƙafar wandon ko warwarewa ba a yi ba. Ya jawo wata kazar ya tsoma.